Gafiya da Kaskon Hayaƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

"Inna, kashe shi za ki yi," in ji 'yar Gafiya.

Ƙaninta ne kwance, tari ya sarƙe shi, ƙirjinsa sai kuka yake kamar sarewa. Uwar kuwa, kun san Gafiya da taurin kai, ta bi ƙofofin raminsu ta toshe wai kada sanyi ya shigo, ta hura kasko tana zuba sassaƙe.

"Rufe min baki. Da hayaƙin nan na raine ki."

"Inna, na ga huhu a rumfar mahauci. Maƙogwaro ne ya sauko ya rabu biyu, ya yi ƙananan rassa cikin wani abu kamar soso. Ta nan iska ke shiga jini. Nasa sun cushe da majina, kina ƙara masa hayaƙi."

"Sannu likita. Daga yawon sata kin zama malama?"

"Da me mafarauta suka kashe Baba? Ba hayaƙi ba?"

Sai uwar ta ƙara sassaƙe, don ba ta san wani maganin ba.

Yarinyar ta dubi ƙaninta, ko tarin ya kasa yi. Ta ja shi, uwar ta ƙanƙame shi. Sai ta fice ta bugo ƙyaure, ba ta lura ba ta nan kaɗai iska ke shiga. Hayaƙi ya turnuƙe ramin, uwa da ɗa ba su sake motsi ba.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa toka.