Umrar Da Aka Yi A Bakin Teku

Akwai wani ɗalibi a Riyadh mai suna Tamimu, ɗan Zariya, yana karatun fiƙihu a jami'a. A unguwar Ulaisha yake zaune da matarsa Bashira. Ɗalibi ne dai, amma a wurin Hausawan unguwar shi Malam ne. Shi ake kira raɗin suna, shi ake tambaya hukunci. Kuma gaskiya bawan Allahn nan yana son sunan. Yana son sa ƙwarai.

Ita kuwa Bashira burinta ɗaya ne, ta ga teku da idonta. Ta daɗe tana yi masa naci, har da aka yi hutun zango ya ce to. Wani abokin karatunsa ne ya ba shi labarin Farasan, tsibiri a kudancin Saudiyya, daga Jizan ake shiga jirgin ruwa a je. Tunda cikin ƙasa yake, ba sai an nemi bizar fita ba, kuma akwai masauki mai araha daidai aljihun ɗalibi.

Sai dai ya kafa mata sharaɗi.

"Duk wanda ya tambaya, Umra za mu je."

"Haba Malam, shan iska laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma kin san bakin mutanenmu. A ce an ga Malam Tamimu ya naɗe wando yana wasa da ruwa? Gobe wa zai zauna a gabana?"

Jama'a, kun ji fa. Ba sata ba, ba zina ba, mutum da matarsa ta sunna za su je su ga ikon Allah. Amma sai da ya jawo Ɗakin Allah ya yi mayafi da shi.

Ƙofarsu na kallon ta wata mata 'yar Maraɗi, Hansai. Mijinta Oumarou kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya mayar da shi aikin gini a Makka, ya bar ta da ɗiyarsu Khairat, yarinya ƙarama mai ciwon sikila. Tamimu ya taɓa kwana a ɗakin Oumarou a Makka, can cikin lungunan kan dutse inda ba sunan titi ba lambar gida.

Ranar tafiya Hansai ta shigo da dambun nama a ƙulle.

"Ga guzuri, ba yawa. Bashira, don Allah ki tuna da Khairat gaban Ka'aba."

Bashira ta sunkuyar da kai ta ce insha Allahu. Ta karɓi ƙullin.

Sun isa tsibirin lafiya. Masaukin da suka kama ɗaki ne da ɗan kicin, na'urar sanyaya ɗaki na ɗigar ruwa cikin bokiti, katifar ta lotsa a tsakiya, ruwan famfo kuma gishiri-gishiri. Tamimu ya yi tsaki. Bashira ko a jikinta, domin idan ta buɗe taga ga teku nan shuɗi shar, har inda ido ya ƙare.

Wallahi ta ji daɗi. Ta cire takalmi ta taka farin yashi, ruwa ya zo ya lashi ƙafarta ta yi ihu ta gudu, ta sake komawa. Gefen abayarta ya jiƙe sharkaf. Shi kansa Malam ya naɗe wandon, ya shiga har gwiwa yana dariya kamar yaro. Da rana su ci gasasshen kifi da shinkafa a wata rumfa bakin ruwa, inda mutum yake nuna kifin da yake so a gasa masa a gabansa. Da safe su sayi wani abincin mutanen yankin, gurasa da aka dama da ayaba da zuma da man shanu. Bashira ta ce ita dai a bar ta a nan.

Hoto kam an ɗauka, amma ba a tura wa kowa. Saƙonni na shigowa, "Allah ya karɓi ibada," Tamimu na amsawa da "Amin, na gode."

Suna cikin rumfar kifin nan wata rana, an ajiye musu tire ke nan, wayar Bashira ta yi ƙara. Hansai ce, muryarta a dishe.

"Bashira, muna mustashfa, asibiti. Ciwon Khairat ya tashi, ya kama mata ƙirji. Likita ya ce in uban na kusa a kira shi. Ba ta kiran kowa sai Baba, Baba."

"Innalillahi! Kin kira shi?"

"Layinshi a rufe yake, iƙamarshi, takardar zaman ƙasa, ta ƙare ana sabuntawa, sun yanke mashi. Amma Allah ya taimake ni kuna Makka. Malam ya san ɗakin. Don girman Allah ya tahi yanzu ya hwaɗa mashi."

Bashira ta dubi mijinta, bakinta a buɗe. Ya ji komai. Ya miƙa hannu ya karɓi wayar.

A nan ne, jama'a, a daidai nan ne. Magana ɗaya ta ishe shi: ba ma Makka. Shi ke nan. Amma me ya fito daga bakinsa?

"Maman Khairat, kwantar da hankalinki. Yanzu zan je."

"Allah ya saka, Malam. Mi ke wannan ƙugi haka?"

"Iska ce," in ji shi, ya kashe wayar.

Kifin nan ko taɓa shi ba su yi ba. Suka kwashi kayansu sai tashar jirgi. Tunanin Tamimu shi ne su tsallaka Jizan, ya hau jirgin sama zuwa Jidda, ya isa Makka, ba wanda zai sani. Suna zuwa suka tarar da mutane cirko-cirko. Iska ta taso, teku ya yi baƙi yana tafasa, an dakatar da jirgi. Ƙananan jiragen masunta ma an hana su fita.

"Sai yaushe?" Tamimu ya tambayi ma'aikacin tashar.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya nuna sama. "Bukra, insha Allah." Wato gobe, in Allah ya so.

Suka koma masauki. Mai gidan ya sake ba su ɗakin. Bashira ta zauna bakin katifa tana kuka.

"Malam, ka kira ta ka gaya mata gaskiya. Ta nemi wani."

"Bari, zan san yadda zan yi."

Yadda ya yi shi ne ya shiga laluben wanda zai aika a Makka, amma wanda bai san mutanen Ulaisha ba, kada zance ya fita. Ku ji fa! Yarinya na kwance tana neman numfashi, shi yana tace wanda zai kira. Da ƙyar ya samu wani ɗalibi ɗan Gana. Ya shiga yi masa kwatance: ka wuce mai gasa gurasa, ka hau matakala, ka juya dama, akwai koriyar ƙofa. Bawan Allah ya hau dutsen nan ya sauka, masu gurasa sun fi a ƙirga, korayen ƙofofi ko'ina. Har rana ta faɗi bai samu ba, ya ba da haƙuri.

Abin da Tamimu bai sani ba, a wannan yammacin wani direba ɗan Maraɗi mai suna Saidou ya je duba Khairat. Ya ce wa Hansai bari ya kira 'yan garinsu da ke Makka, ai sun san juna kaf, za su nemo Oumarou. Hansai ta ce kada ya wahalar da mutane, Malam da kansa ya tafi. Saidou ya ce to ai shi ke nan, tunda Malam ne, ya mayar da wayarsa aljihu.

Gari ya waye iskar na nan. Suka sake zuwa tasha, aka sake cewa bukra. Tamimu ya tsaya yana kallon ruwan da jiya yake wasa a ciki. Ba hanya, ba dabara, ba wanda zai roƙa. Karatunsa duka bai iya tsallakar da shi ba.

Wayar Bashira ta sake ƙara.

"Bashira, Baban Khairat ya taso? Tun asuba take tambayata ko Baba ya iso. Na ce mata yana hanya."

Tamimu ya miƙo hannu. Wannan karon Bashira ta juya masa baya.

"Yaya Hansai, ki yafe mini. Ba ma Makka. Ba mu je Umra ba. Muna wani tsibiri, ruwa ya tsare mu. Baban Khairat bai sani ba, ba wanda ya gaya masa."

Ba zagi, ba ihu. Sai Hansai ta ce, "Tun jiya?"

"Tun jiya."

Wayar ta mutu.

Hansai ta kira Saidou. Saidou ya kira wani, wanin ya kira wani, kafin a yi azahar an samu Oumarou a wurin aiki da siminti a hannunsa. Abin da sauƙi haka, jama'a. Ko wanka bai yi ba ya shiga mota. Amma tsakanin Makka da Riyadh tafiya ce mai nisa, yini guda ake yi a hanya. Yana tsakiyar hamada Allah ya karɓi ran Khairat.

Rai na Allah ne, ba wanda ya ce Tamimu ne ya kashe ta. Amma da an nemo uban tun kiran farko, da ya kwana a hanya ya wayi gari a gefen gadonta, lokacin tana magana, tana gane mutane, tana kallon ƙofa. Wannan safiyar ce aka ƙwace musu, shi da ita.

Da iska ta lafa suka tsallako. Suka koma Riyadh.

Suka tafi gaisuwa. Bashira ta shiga wurin mata, ta durƙusa gaban Hansai. Hansai ta amsa gaisuwar kamar yadda take amsa wa kowa, ba ta ɗaga ido ba.

A wurin maza an shimfiɗa darduma a falon wani maƙwabci. Hansai da Saidou ba su tona ba, yawancin mutane ba su san komai ba. Tamimu na sallama aka fara matsa masa wuri. Wani dattijo ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Maraba da baƙon Allah. Jama'a, ga wanda ya fito daga Harami, bakinsa da sauran albarka. Malam, yi mana addu'a."

Kowa ya ɗaga hannu. Tamimu ma ya ɗaga. Mutumin da addu'a ke zuba daga bakinsa ba tunani, yau harshensa ya ƙi motsi. Ana jira. Ana jira. Hawaye kawai ke sauka cikin gemunsa. Dattijon ya ce, "Allah sarki, tausayi ne ya kama shi."

Oumarou ne ya shafa, ya ce amin, mutane suka shafa. Sannan ya matso kusa da Tamimu, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai su biyu.

"Malam, ni ban yi karatu ba, ina da tambaya. Zuwa bakin ruwa da iyali haramun ne?"

Tamimu ya girgiza kai. "Halal ne."

Oumarou ya daɗe yana kallonsa.

"To don mi?"

Tamimu, mai amsa tambayar kowa a Ulaisha, ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Kuma har ya gama karatunsa ya bar Riyadh, bai sake yarda wani ya kira shi Malam ba.

Darasi: Kada ka yi ƙarya don a gan ka da girma, domin akwai wanda zai gaskata ka ya jingina rayuwarsa a kan maganarka. Idan an nemi taimakon da ba za ka iya ba, faɗi nan take, ka bar mutum ya nemi wata hanya tun da sauran lokaci. Ku tura wa 'yan uwa, musamman na ƙasar waje, wataƙila wani na shirin irin wannan Umrar.