Mutumin da Ya Mai da Girkin Matarsa Abin Dariya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai gyaran fanka da firij. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba. Sallah ba ta wuce shi. Bai taɓa ɗaga hannu ya mari matarsa ba, cefane kuma bai taɓa yankewa a gidansa ba. Da za ku tambayi maƙwabtansa, cewa za su yi mutum ne mai raha, duk inda ya zauna sai an yi dariya.

Laifinsa a bakinsa yake, kuma a kan abinci yake aikata shi.

Kullum in ya dawo daga shago da yamma, matarsa takan jera kwanuka a kan ɗan teburin falo. Yaransu su zauna: babbarsu mace ce, mai bi mata namiji, sai auta. Ba mai sa hannu sai uban ya ɗanɗana. Zai ɗebi cokali guda ya kai baki, ya lumshe ido, ya daɗe yana juya harshe. Yara su yi tsit suna danne dariya. Sannan ya yanke hukunci.

"Wannan miyar, kifi ya shiga cikinta kuwa, ko labarinsa kawai aka ba ta?"

Wata rana ya ce, "Kai, miƙo mini guduma a jakata, naman nan ya ƙi miƙa wuya."

Yara su fashe da dariya. Matar ta yi murmushi ta ce, "Baban Auta, ka dai ci." Shi kuwa ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwano. Abincin ba shi da wani aibu. Matar gwana ce, shi ma ya sani. A ganinsa wasa ne, irin wanda ke sa gida ya yi armashi. Kalmar "sannu da aiki" kuwa nauyi take yi masa a baki, yana ganin ai cinye abincin ma yabo ne.

A farkon aurensu takan rama, su yi dariya tare. Daga baya ta koma murmushi kawai. Daga baya murmushin ma ya zama na gefen baki, tana yi tana kwashe kwanuka. Bai lura ba. Abin da ya lura da shi kawai, ɗansa namiji ya iya wasan. Yaron yakan lumshe ido kamar ubansa, ya juya harshe, ya jefo tasa baƙar maganar. Uban ya buga cinya ya ce, "Wannan jinina ne!"

Haka ake tafe har zafi ya fara shigowa a wata shekara. Rana ta ƙara tsawo. Aka buɗe tagogi, aka naɗe barguna aka cusa saman kabad. Tumatir ya yi arha a kasuwa, abinci kuma in ya kwana a waje sai ya yi tsami. Lokacin kasuwar mutumin ke nan. Kowa ya tuno da matacciyar fankarsa, shago ya cika har bakin ƙofa. Shi kuwa gwani ne: fanka na juyawa zai kasa kunne ya ce ga abin da ke damunta, tun bai kwance ta ba.

A wannan lokacin ne ciwo ya shiga jikin matarsa. Ciwon ƙoda ne, mai shiga a hankali, ba ihu ba hayaniya. Ita ba ta san sunansa ba. Ta dai san tana gajiya, tana hawa matakalar gidansu tana hutawa a tsakiya, zuciyarta na tashi in ta ji ƙamshin mai. Bakinta kuma ya daina ba ta gaskiya. Ta zuba gishiri ta ɗanɗana, ta ji salam. Ta ƙara, ta ɗanɗana, ta ji salam. Ta ƙara.

Ranar da miyar ta fara fitowa da gishiri kamar an jiƙa shi, mutumin ya ji kamar an yi masa kyauta. Shekara da shekaru yana ƙirƙiro aibu, yau ga na gaske ya samu. Ya ajiye cokali, ya tashi tsaye, ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, Hajiya Gishiri!"

Sunan ya bi ta. Auta ma da bai gama iya magana ba ya riƙe shi.

Ya 'yan uwa, macen da ta yi shekaru tana girki hannunta bai taɓa kuskure ba, rana ɗaya ta fara ɓata miya, kullum, kullum. Ba abin tambaya ba ne? Tambaya guda: "Lafiya kuwa?" Me za ta rage masa?

Ita ce ma ta gwada faɗa masa. Wata yamma suna zaune, fanka na kaɗa labule, ta zauna a gefen kujera ba ta zuba nata ba. Ta ce a hankali, "Baban Auta, ni fa kwanan nan bakina ba ya jin ɗanɗano. Komai na sa, kamar na lashi ƙarfe."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi! Yara, ku zama shaida, yau mai laifi ta amsa da bakinta. Mu ai mun daɗe da sani, Hajiya, ke ce labari bai iso wa ba."

Namijin ya yi dariya har ya ƙware. Matar ta miƙa masa ruwa, ta shafa bayansa. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Babbar 'yar ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Bayan kwanaki ta same shi yana ɗaura takalmi zai fita, ta ce, "Baba, ƙafafun Mama sun kumbura. Takalmanta ba sa shiga, tsofaffin silifanka take sawa."

Ya ce, "Au, ina raye ake cin gadona? Zafi ne, Mamana. Kowa ya kumbura. Ni ma dubi yatsuna."

Kada ku ce ba ya son ta. Yana son ta irin nasa son. Maganar yarinyar ta ɗan tsaya masa a rai, sai ya ce lalle zafin kicin ne, don kicin ɗin ƙarami ne, taga guda, in an kunna murhu kamar tanderu. Ya zaɓo wata fanka a shago, ya gyara ta tsaf, ya zo ya kafa a bango da hannunsa. Ya kunna, ya tsaya yana sauraron ƙararta, ya ji ba ta da matsala. Ya ce, "To, ga iska nan, saura gishiri." Ya fita da zuciya fara, yana jin ya sauke nauyi.

Fankar tana kallon murhu ne. In an kunna ta sai ta hure wutar gas. Matar ta kashe ta, ta ci gaba da girki a cikin zafi. Ba ta faɗa masa ba. Ta riga ta san amsar da za ta samu.

Wata rana da azahar yana tsugune a bayan wani firij, wayarsa ta yi ƙara. Babbar 'yar ce. Ta dawo daga makaranta, tun daga matakala ta ji ƙaurin albasa. Ta tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus, uwar na zaune a ƙasan kicin ta jingina da kabad, ludayi a cinyarta, idonta a buɗe amma ba ta gane kowa.

A asibiti likita ya kira mijin gefe, yarinyar na tsaye a bayansa.

"Tun yaushe ƙafafunta suka fara kumbura?"

Likita ya ƙara tambaya.

"Tana amai? Tana cin abinci? Fitsarinta ya ragu?"

Bai sani ba. Yarinyar ce ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba hawa ba sauka. Tana amai da safe in ya fita. Ta daɗe ba ta cin komai sai shayi. Mutumin ya juyo yana kallon 'yarsa kamar tana ba da labarin wani gida.

Likita ya ce, "Malam, kai ba ka ga wani canji ba ko kaɗan?"

Ya lalubi kansa, ya lalubo abu guda da ya sani tabbas. Ya ce, "Gishiri dai... ya yi yawa a miya."

Likita ya dube shi, ya mai da kai kan aikinsa.

Ta yi 'yan kwanaki a kwance. Sau ɗaya hankalinta ya dawo sosai. Yana zaune a gefen gado, ya shirya maganganu cike da baki. Ta dubi yarinyar ta ce, "Kun ci abinci? An ajiye wa babanku nasa?" Aka ce an ajiye. Ta juyo gare shi, ya matso. Ta ce, "An kashe gas ɗin nan kuwa?" Ya ce an kashe. Ta rufe ido. Abin da ya shirya bai fito ba, kuma ba a sake ba shi dama ba.

Ba mu ce shi ya kashe ta ba, ya 'yan uwa. Ajali na Allah ne, in ya zo ba mai tare shi. Amma amana fa? An ba shi ita amana, ta zo da ciwonta har gabansa ta ajiye, ya mai da shi abin dariya.

Bai yi kuka ba. Ya so ya yi, bai zo ba. Mutane na shiga suna fita suna masa gaisuwa, yana amsawa kamar an kunna rediyo. Bayan an watse, ɗansa namiji ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Baba, mu ne ko?"

Ya ce, "Mu ne me?"

"Mu ne muka yi ta mata dariya."

Uban ya kau da kai. Yaron ya jira, ya gaji, ya juya. Daga ranar ya daina zama wuri ɗaya da ubansa. Da kawunsu, yayan marigayiya, ya zo ya ce zai tafi da shi da auta su ɗan huta a wajensa, yaron ya riga kowa haɗa kayansa. Ba su dawo ba.

Shago ma ya bi baya. Yakan buɗe, ya zauna, ya sa fanka a gaba, ya riƙe abin kwance ƙusa har la'asar bai taɓa ta ba. Zafi ya kai tsakiya, masu kaya suka gaji da "gobe", kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Gida ya rage daga shi sai babbar 'yar. Ita ke girki yanzu, kuma ba ta iya ba. Shinkafa ta caɓe yau, gobe ta fito da tsakiya ɗanya. Takan ajiye masa a tebur, ta koma kicin ta ci nata a tsaye. Ba ta yi masa rashin kunya, ba ta ɗaure fuska. Ba komai a fuskar.

Wata yamma ya cinye abin da ta ajiye, ya daɗe yana kallon kwanon. Da ta fito ya gyara murya ya ce, "Mamana, sannu da aiki. Ya yi daɗi. Allah ya yi miki albarka."

Ta dube shi kamar yadda ake duban bango.

Ta ce, "Ka gama? In ɗauke."

Ya 'yan uwa, wannan mutumin yana nan da rai, yana ci yana sha. Amma ku gaya mini, me ya rage masa?

Malamanmu suna karantar da mu cewa kushe abinci ba tarbiyyar mumini ba ce: in kana so ka ci, in ba ka so ka bari. Muna ji muna ɗauka ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Wanda ka saba yi wa dariya, ranar da ya zo da kuka ba za ka gane ba. Shi ma zai daina zuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaran. Suna zaune a gefenmu, bakinmu suke kallo, duk abin da muka ɗora a kan uwarsu suna ɗauka. Wasan namu ne, amma nauyin su ke kwana da shi har girmansu.

Zafi ya shigo. Yau in ka koma gida, kafin ka ɗaga murfin kwano, dubi wadda ta tsaya a gaban wuta ta dafa shi. Dubi fuskarta, dubi ƙafafunta. In gishiri ya yi yawa, tambaye ta lafiya.

Allah ya tsare harsunanmu daga cutar da waɗanda ke ƙarƙashinmu. Allah ya ba mu ikon godiya tun masu jin ta suna raye. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriya. Amin.