Kunnuwan Uwar Fako

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, kai Tanimu, daina tsokalar ƙanwarka ko in yi shiru.

A bayan wani gari akwai fako, tudun da fartanya ba ta taɓa shiga ba. Duk bazara, tun ciyawa ba ta farka ba, sai wani fure ya ɓullo a can, ba ganye ba komai, shuɗi, mai gashi-gashi kamar ɗan tsako. Tunkiya in ta ci, sai cikinta ya kumbura. Ashe kunnuwan Uwar Fako ne. Tana kwance a ƙarƙashin ƙasa, ta miƙo su waje tana sauraron tsawa. In ta ji, sai ta tashi ta tayar da ciyawa da hatsi.

Akwai wani manomi, Nomau, da 'yarsa guda, Ladingo. Nomau haɗama gare shi, gonarsa ba ta ishe shi ba. Dattawa suka hana shi taɓa fako, ya yi kunnen ƙashi. Ya hau fako ya sare furannin nan kaf. Da ya duba fartanya, jini!

Da rana tsaka ƙasa ta tsage a tsakar gidansa. Wata tsohuwa ta fito, ba kunne ko ɗaya, sai ramuka biyu ƙasa na zuba. Wayyo, ni ko faɗa ba na so. Ta ce:

"Nomau, Nomau, ina kunnena?
Ba ni kunne in ji tsawa."

Nomau ya yanko na akuya ya ba ta. Kun dai san akuya da ruwa. Tsawa ta yi, tsohuwa ta ji, sai ta ƙara nutsewa ƙasa ta ɓuya. Hadari ya wuce.

Ta dawo da waƙarta. Ya yanko na jaki. Tsawa ta yi, ta ji sarai, taurin kan jaki ya sa ta ƙi tashi. Hadari ya wuce, rijiyoyi suka ƙafe.

Ta dawo, kunnen jaki na lilo a kanta. Ba ta yi waƙa ba. Ta nuna Ladingo, ta ce, "Na mutum nake so. Waɗancan."

Nomau ya faɗi yana birgima. "Ki ɗauki nawa!"

"Naka ba sa ji."

Ladingo ta durƙusa ta ce, "Kaka, kunnen da aka yanke bushewa yake yi. Ki bar su a kaina. Ki riƙe ɗaya, in na ji tsawa sai in matsa hannunki."

Tsohuwa ta ce, "In kika yi barci, da kan zan tafi."

Ta yar da na jaki, ta ja yarinya zuwa fako, ta damƙe mata kunnen hagu. Hannun nan sanyi ƙalau. Rana ta dake su. Faratan na shiga nama, na shiga nama. Barci ya zo, Ladingo ta ciji leɓe. Ya sake zuwa, ta ciji harshe. Idonta ya fara lumshewa ke nan, can gabas ta ji gududu!

Ta matsa hannun da duk ƙarfinta. Tsohuwa ta sake ta, ta nutse tana ihu, "Ku tashi! Ku tashi!" Ruwa ya kece, ƙasa ta yi kore.

Amma kunnen da aka riƙe bai ƙara ji ba. Nomau ya tsufa yana kiran "Ladingo, Ladingo" ta hagu, ita ko tana ta daka ba ta waiwaya ba, sai ya zauna ya yi ta kuka.

Ku ji da kyau: ba kowace ƙasa ake sara ba, kuma ɓarnar uba sau da yawa a jikin ɗa take sauka.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone a murhu. Kowa ya tashi, ƙafata ta sage.