Kwanon Iya Barmani

Akwai wata mata mai sayar da tuwo a wani gari, sunanta Bilhatu. Rumfarta tana bakin kasuwa, kuma duk wanda ya taɓa cin miyar kukarta zai ba ka labari ko ba ka tambaye shi ba. Mace ce mai sakin hannu, amma bakinta ma a sake yake. In ta ji daɗin abu, sai unguwa duka ta ji.

Ana nan sai annoba ta shigo ƙasar. Cuta ce mai bin numfashi, kuma tsofaffi ta fi kayarwa. Mai shela ya zaga gari ya ce a rufe kasuwa, a rufe majami'a, kowa ya zauna a gidansa. Tsofaffi kuwa kada su fita, kada kuma kowa ya shiga wurinsu, ko da ɗan da suka haifa ne. Gari ya yi tsit. In ka ji kuka ya tashi a wata unguwa, ba ka da ikon zuwa gaisuwa, sai dai ka tsaya a tsakar gidanka kana tunanin ko gidan wa ne.

Bilhatu ta dubi manyan tukwanenta a kife, ta tuna da tsofaffin da 'ya'yansu ke birni, ga hanya a rufe. Wa zai hura musu wuta? Ta yi wa matan zumunta na majami'arsu magana, kowace ta aiko da abin da ta samu, wannan dawa, wannan manja, waccan itace. Dattawan gari suka ba ta izinin kai abincin, amma suka ja mata kunne. Za ta ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ta ajiye kwano a ƙofa, ta ja da baya. Ranar da ƙafarta ta tsallake dokin ƙofar wani tsoho, ranar aikin ya ƙare.

Haka ta riƙa yi. Kullum da hantsi takan jera kwanoni a babban daro ta ɗauka a ka, ta bi gida-gida. Ta ajiye na yau, ta ɗauki na jiya.

A ƙarshen gari akwai wata gwauruwa da ake kira Iya Barmani. Ɗakinta ɗaya, an kewaye shi da zana, da wani tsohon turmi a kife a bakin ƙofa. A kan turmin nan ake ajiye mata kwano. To, a garin nan, kamar yadda kuka sani a namu ma, in an aiko maka da abinci ba ka mai da kwano haka nan. Kakan wanke shi, ka jefa ɗan wani abu a ciki, tukwici ke nan. Sauran tsofaffin wata rana su sa, wata rana su manta. Iya Barmani ba ta taɓa mantawa ba. Ran farko Bilhatu ta buɗe kwano ta tarar da gyaɗa ɓararriya, cike fal.

Nan take ta ɗaga murya daga bayan zana. "Kai, Iya! Har da wahala haka? Na gode, Allah ya ƙara arziki! Ke kam 'yar gidan mutunci ce."

Ba ta tsaya nan ba. Duk ƙofar da ta je sai ta faɗa. "Iya Barmani dai ba ta san mai da kwano wayam ba. Mutanen dā ke nan!" Ba da mugunta take faɗa ba, yabo ne tsakani da Allah. Kuma kullum ta zo ƙofar Iya, kafin ta tambayi lafiyarta sai ta fara buɗe murfi ta ga abin da aka sa mata yau.

Bayan gyaɗa, busasshiyar kuɓewa ta biyo. Sai daddawa, sai ƙwan kaza. Daga nan tukwicin ya fara ramewa: ɗan barkono ƙulle a tsumma, wani ƙaramin ludayi, wata rana ma allura ce guda a soke a ƙyalle. Bilhatu ta yi dariya ta ce tsufa ya fara sa Iya wasa. Ta yi godiyarta da ƙarfi kamar kullum, ta wuce.

Wata rana ta zo ta ɗaga kwanon jiya, sai ta ji shi da nauyi. Ta buɗe. Ga malmalar tuwo nan yadda ta sa ta, ko gutsura ba a yi ba, miya ta yi tsami, kiyashi sun yi layi a gefen murfin.

"Gafara dai! Iya? Iya Barmani!"

Shiru. Ta sake kira, ba wanda ya amsa. Ta ce wa kanta wataƙila barci ne ya ɗauke tsohuwar. Ta ajiye sabon kwano ta tafi, amma ranar hankalinta duk yana ƙofar Iya. Kowa a garin ya san cutar nan da ƙin abinci take farawa.

Washegari ba ta bi gidajen da ta saba farawa da su ba, ƙarshen gari ta nufa kai tsaye, daro yana rawa a kanta. Tun daga nesa ta hango kwanon a kan turmi, daidai inda ta bar shi. Ta sauke daron, ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan ƙyauren kara, ta rasa yadda za ta yi da ranta. In ta shiga ta tarar cutar ce, ta ɗauko wa mijinta da 'ya'yanta, dattawa kuma su hana ta fita, sauran tsofaffin su kwana da yunwa. In kuma ba cutar ba ce, ita da ke yawo gida-gida, wa ya san abin da za ta shigar wa tsohuwar? In ta juya ta tafi fa? Wataƙila matar tana kwance a ƙasa tana jin kiranta, ba ta da ƙarfin amsawa. Wataƙila ma ta riga ta cika tun jiya, ita kaɗai, ba mai rufe mata ido. Tsoro ya kama Bilhatu sosai, har ƙyallen fuskarta ya jiƙe da gumi.

"Ya Ubangiji, ka nuna mini," ta ce a hankali.

Sai ta sauke kwanon, ta mirgina turmin zuwa jikin zana, ta tattare zane ta hau. Bilhatu ba ƙaramar mace ba ce, da a ce lokacin lafiya ne da yara sun sami abin dariya. Ta kama itacen danga ta leƙa.

Ga Iya Barmani zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta jingina da bango, idonta biyu. Ta rame ƙwarai, amma ba tari, ba nishi. Duk kiran nan da ake yi tana ji.

"Iya! Haba, Iya! Kina ji ina ta kira? Jikin ne?"

Tsohuwar ta kau da kai. "Lafiyata lau, 'yar nan. Ki kai wa wani."

"Tuwon ne bai yi miki ba? In dama miki kunu?"

"Tuwonki ba shi da laifi."

"To mene ne, don Allah? So kike ki mutu a bar ni da alhaki?"

Bilhatu ta bi gidan da kallo. Tukwanen ajiya duk a kife suke. Ragayar da ke rataye a bakin ɗaki ba ko ƙwarya a ciki. Akurki a buɗe, babu kaza. Sai a lokacin ta tuna da gyaɗar, da ƙwan, da ludayin, da allurar, ta ga yadda suka bi juna.

Tsohuwar ta yi magana, kanta a sunkuye. "Ba abin da ya rage da zan sa miki. Na duba ko'ina. Tun ina amarya ban taɓa mai da kwanon mutum wayam ba. Ke da kanki kin gaya wa gari. Yanzu da furfurata zan fara? Gara in bar shi yadda kika kawo."

Bilhatu ta fashe da kuka a kan turmin. "Wayyo, Iya, bakina ne ya jawo. Ni ban zo don gyaɗa ba. Ki yafe mini, ki ci."

"Na yafe. Amma ki ɗauke."

Bilhatu ta sauka da sauri. Ta ciro kwano mai zafi daga daro, ta kwance gyalenta ta ƙulle shi, ta zare wata doguwar gora daga jikin danga ta rataya ƙullin, ta sake hawa. A hankali ta zura shi ta saman zana har ya sauka a gefen tabarmar. Ƙamshin miya ya tashi. Ta ga maƙogwaron tsohuwar ya motsa, amma hannunta bai motsa ba. Rana tana ta yin sama, sauran kwanoni suna hucewa a daro, Bilhatu kuwa ta san in ta tafi yau ba a ci tuwon nan ba, gobe gawa za ta tarar.

"Iya," ta ce, "in tambaye ki. 'Ya'ya nawa kika shayar?"

"Duk wanda Allah ya ba ni na shayar."

"In sun sha sun ƙoshi, me suke sa miki a kwano?"

Tsohuwar ta ɗago kai ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Sai gefen bakinta ya ɗan motsa. "Fitsari a zane," ta ce.

"Kin daina ba su?"

"Wace uwa ce za ta daina?"

"In ɗaya ya ƙi kama nono fa?"

Iya Barmani ta runtse ido. "Ranar ba na barci."

"To ni ma haka, Iya. Ni ma haka."

Hawaye ya gangaro wa tsohuwar. Ta miƙa hannu, ta kwance gyalen, ta buɗe murfin. Ta yi addu'a gajeriya, ta gutsuri loma ƙarama ta kai baki. Bilhatu ba ta sauka daga turmin ba sai da ta ga rabin malmalar ya tafi.

Kashegari ta zo. Ta ɗaga kwanon ta ji shi sakayau. Ta buɗe: an wanke shi tas, babu komai a ciki. A duk kwanonin da aka taɓa mayar mata, babu wanda ya faranta mata rai kamar wannan. Wannan karon ba ta yi shela ba. Ta ce kawai, "Ina kwana, Iya?" Daga ciki aka amsa, "Lafiya lau, 'yata."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Abincin nan alherin Allah ne, wanda ya aiko mana cikin Yesu Almasihu lokacin da muke kulle, ba mu da ikon fita mu nemi ceton kanmu. Ba mu muka dafa ba, ba mu muka aika a kawo ba. Har ƙofa aka biyo mu da shi. Iya Barmani kuwa mu ne. Mun saba da tukwici har mun ɗauka Allah ma jira yake ya buɗe murfi ya ga abin da muka sa masa. Muddin muna da ɗan abin nunawa, halin kirki ko baikon da muke bayarwa a majami'a ko muryar waƙa, muna zuwa gabansa da ƙarfin gwiwa. Ranar da muka duba muka ga tukwanenmu a kife, sai mu ɓuya. Wani ya faɗi cikin zunubi ya daina addu'a, wai sai ya gyara halinsa tukuna. Wata ta daina zuwa sujada a majami'a don ba ta da abin sawa a farantin baiko. Suna jin ana kiransu, sun yi shiru, suna cewa wai kunya ce. Ni dai ina gaya muku, girmankai ne ya yafa mayafin kunya, kuma yana kisa kamar yadda yunwa ke kisa.

Ku kuma da Allah ya ba ikon kai wa wasu, ku kula da bakinku. Bilhatu ba muguwa ba ce, amma yabonta ya kusa kashe tsohuwa. In muna ɗaga masu kawowa kullum a gaban jama'a, wanda ba shi da komai yana ji, kuma yana fahimtar abin da ba mu faɗa ba. Ku tambayi lafiyar mutum kafin ku duba hannunsa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, Iya Barmani ta sami wadda ta leƙa ta kan zana a kan lokaci. Ba kowa ke samu ba. Akwai wanda ke zaune a nan yau, ya daɗe bai taɓa abin da Ubangiji ya ajiye masa ba, domin yana jira sai ya sami abin da zai mayar. Ɗan'uwana, ba za ka samu ba. Ban samu ba, kakanninmu ma ba su samu ba. Kada ka mutu da yunwa abinci yana bakin ƙofarka. Miƙa hannu ka ci.