Notin da Zaharaddini Bai Ɗaure Ba

Akwai wani bakanike a garin Karaye mai suna Zaharaddini. Garejinsa rumfar kwano ce kawai a bakin hanya, amma direbobi sun san shi da tsabtar aiki. Ba shi da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ya gyara mota ta dawo masa da ciwon da ya gyara ba.

Cikin motocin da yake dubawa akwai wata tsohuwar a-kori-kura. Ta wata baiwar Allah ce, Mas'uda, a Unguwar Hajji. Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana, ya bar motar. Ba gona mai yawa, ba shago. Abin da motar ta samo daga dakon hatsi da gyaɗa, shi ake ci a gidan. Ƙanen marigayin ne yake tuƙa ta, Liti, mutum mai ƙwazo amma mai baki. In Liti ya ji labari da safe, kafin azahar duk tasha ta ji.

Ƙarshen damina, Liti ya kawo motar yana cewa bayanta na gurnani. Zaharaddini ya shiga ƙarƙashi ya duba difaransha, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. Yadda aka bayyana min, akwai haƙoran ƙarfe a cikinta da ke juya tayoyin, kuma cikin mai suke iyo. Idan man ya ƙare, haƙoran sai su cinye juna.

Da ya kwance notin ƙasa, man da ya zubo ba baƙi ba ne, fari-fari ne kamar koko. Ya tambayi Liti ko ya shiga ruwa da ita. Liti ya ce rafi dai ya tsallaka sau ba adadi, ai mota ba amarya ba ce da za a ɗauke ta a kai.

Zaharaddini ya yi murmushi, ya bar gurɓataccen man ya tsiyaye tas. Ya mayar da notin ƙasa da hannu, ya ɗura sabon man giya ta ramin gefe har ya kawo baki, ya mayar da notin gefen. Al'adarsa ke nan: sai ya mayar da komai da hannu, ya goge, ya duba, sannan ya bi su da sifana ya ɗaure.

Yana miƙa hannu ya ɗauki sifana sai ga mutane sun fito da makara daga layin bayansu. Mamacin wani dattijo ne maƙwabcinsa, wanda ya sha ba shi inuwa da ruwan alwala. Zaharaddini ya yi salati, ya fito daga ƙarƙashin motar, ya wanke hannu, ya zura farar rigarsa ta salla a kan kayan aiki, ya bi jama'a. Bai ce wa Liti komai ba. Hankalinsa ya riga ya tafi.

Liti ya leƙa, ya ga kowane noti a wurinsa, ya ga galan ɗin mai babu komai. Kaya na jiransa a Rogo Ruma. Ya tada mota ya kama hanya.

Da aka dawo daga maƙabarta, Zaharaddini ya tarar da filin motar wayam, ga sifana a kan kwalin da yake kwanciya. Ya tsaya yana kallonta. Hannunsa bai tuna ya ɗaure komai ba.

Ya kira Liti a waya. Liti ya ɗauka cikin ƙarar inji, ya ce mota lafiya lau take gudu, gurnanin ma ya tafi, shi ba shi da lokacin tsayawa a hanya neman sifana. Ya kashe. Da aka sake kira bai ɗauka ba.

Sulle mai faci, wanda rumfarsa ke manne da ta Zaharaddini, ya ji komai. Ya matso ya rage murya, ya ba shi shawara irin ta mai ƙauna. Ya ce noti na iya riƙewa har gobe, a lallaɓa a ɗaure ba wanda ya sani. In ma ya faɗi, motar tsohuwa ce, kowa zai ce tsufa ne.

"Amma ka bi shi har Rogo ka ce ka manta? Liti fa? Mutumina, sunanka ne jarinka. Kafin ka dawo an gama da kai a tasha."

 Zaharaddini ya san gaskiya Sulle ya faɗa game da bakin Liti. Sai ya ce, "In ya faɗi da kaya a kai, Sulle, ba ta ƙara tashi. Marayun nan me za su ci?"

Ya ɗauki sabon galan na mai, da sifana, da noti na ko-ta-kwana, ya ɗaure a bayan babur. Ko rigar bai tsaya cirewa ba.

Daga Karaye zuwa Rogo bai ga komai a ƙasa ba, har zuciyarsa ta fara ce masa wahalar banza yake yi. Sai da ya sauka kan hanyar burji mai ramuka da ke zuwa Rogo Ruma, sannan ya fara ganin ɗigo baƙi a tsakiyar sawun taya. Nan ɗaya, can ɗaya. Gaba kaɗan sai suka fara matsowa kusa da juna. Ya ƙara wuta yana ta hasbunallahu.

Ya iske motar a bakin wata gona a Rogo Ruma. An loda mata buhunan masara har sun wuce kan direba, ana jan igiya. Mata uku da ƙullin kayansu suna jiran a gama su hau. Ga masu gona, ga 'yan dako, ga wasu direbobi biyu da ke jiran nasu lodin.

Zai iya jan Liti gefe. Amma Liti ya riga ya hau kujera ya sa makulli, kuma ba mai jin magana a gefe ba ne. Zaharaddini ya tsaya a gaban motar ya yi sallama, aka amsa, ya ce da muryar da kowa zai ji:

"Liti, kar ka tada. Ban ɗaure notin mai ba. Laifina ne, na tafi jana'iza na manta."

Liti ya leƙo ta taga yana dariya. "Jama'a ku ji babban oga. Yau noti ka manta, gobe kuma sai mu ga taya ta riga mu isa Karaye."

Aka yi dariya.  Zaharaddini ya kwanta a jar ƙasa da farar rigarsa, ya ja jiki ƙarƙashin motar. Tukunyar ta yi zafin da ba a iya dafa ta. Ya taɓa notin ƙasa da yatsa biyu, ya ɗan juya, sai ga shi a tafin hannunsa. Abin da ya biyo bayansa na mai bai cika kofin shayi ba.

Wani dattijon direba da ya durƙusa yana kallo ya miƙe ya ce wa Liti ya sauko ya gani. Ya ce da wannan lodin, ko titin kwalta ba za su kai ba. Matan da ke shirin hawa suka kalli juna suna salati.

Zaharaddini ya jira ƙarfen ya huce, ya ɗaure notin ƙasa, ya cika mai, ya ɗaure na gefe. Ya bi motar a baya a kan babur har Karaye, yana sauraren bayanta. Ba gurnani.

Abin da Sulle ya faɗa kuwa ya faru. Liti ya ba da labarin a tasha da gishirinsa. Aka ɗan jima ana kiran Zaharaddini "Na-manta", wasu suka kai motocinsu wani garejin. Ya ci gaba da buɗe rumfarsa da safe, ko ba mota, bai kai ƙarar kowa ba.

Liti ya je wa Mas'uda da shawarar su ma su canza bakanike. Ta saurare shi har ya gama. Ta tambaye shi wa ya gano notin bai ɗauru ba. Ya ce shi Zaharaddinin ne. Ta tambaya wa ya tilasta masa zuwa Rogo. Ya ce ba kowa. Ta tambaya da bai je ba, wa zai sani. Liti ya sosa ƙeya.

Ta ce, "Liti, ba ɗan Adam ɗin da ba ya mantuwa. Wanda za ka kai wa motar shi ma zai manta wata rana, sai dai ba za mu ji ba. Ni na san wanda in ya manta zai biyo mu. Motar yaran nan ba ta barin hannunsa."

Maganar nan ma Liti ne ya kai ta tasha, don bakinsa ba ya riƙe komai, ko da a kansa ne. Dattijon direban na Rogo ya fara kawo tasa motar, ya jawo abokansa. Waɗanda suka tafi suka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna cewa dama wucewa suka zo yi.

A-kori-kurar Mas'uda ta kwashe kakar bana ba ta kwana a hanya ba. Yaran suna makaranta, tukunyar gidan ba ta huce ba.

Darasi: 'Yan uwa, kuskure ba shi ne ke ɓata mutum ba, ɓoye shi ne. Wanda ya zaɓi jin kunya a gaban mutane don kada amanar wani ta salwanta, Allah ba Ya barinsa ya taɓe. Mu koya wa 'ya'yanmu faɗin "laifina ne" tun kafin a tambaye su. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da kayan mutane a hannunsa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.