Baurin Bagaruwa

Dalilin da ya sa bagaruwa ke da bauri, ku da kuka taɓa gatsa ta kuka tofar kuna yamutsa fuska, yau za ku ji shi. Ku matso. Kai mai sosa gyambo, cire hannunka.

A da can 'ya'yan bagaruwa sun fi dabino zaƙi. A gindinta yara suke wuni, ita kuwa ba abin da take so kamar surutunsu.

A lokacin akwai wata mai daddawa, Tasalla, da 'yarta ta fari, Ladiyo. Kun san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yarda a ga ta damu da shi. Ran nan yarinyar ta yi tuntuɓe ta ture tukunyar kalwa tana tafasa. Ruwan ya kwarara a ƙafarta, fata ta saɓule. Mata suka cika gida. Zuciyar Tasalla kamar ta tsage, amma ganin idanu a kanta sai ta ce, "Ba komai, rawar kai ce irin tata." Ta ɗaure ƙafar da tsumma ta koma bakin murhu. Ni dai har yau haushin wannan kunya nake ji.

Ciwo ya ruɓe a cikin tsumma, yana ta zubar ruwa, zazzaɓi ya rufe yarinya. Da Ɗantani wanzami ya kwance ƙafar, sai da ya toshe hanci.

"Tasalla, kin makara," ya ce. "In ruwan nan bai tsaya ba zuwa la'asar, cire ƙafar za mu yi, kada mu rasa yarinyar."

Ya zauna ya fara wasa wuƙa. Tasalla ta fita da gudu, ko ɗankwali babu, ƙarar wuƙa a kan dutse tana bin kunnenta. Ta tuna ta sha ganin akan sari bagaruwa, saran ya haɗe. A wancan zamani kuwa itatuwa suna amsa sallama. Ta durƙusa a gindinta.

"Baba bagaruwa, ki ba ni abin da kike rufe saranki da shi."

"Bauri ne, yana can cikin saiwata. Wa za a sa wa?"

"Yarinyar nan."

"Yara da yawa ke zuwa nan. Wace?"

Tasalla ta waiga. Ga mata suna dawowa daga rijiya, sun tsaya suna kallo. Ga inuwa ta fara tsawo.

"Ta gidanmu," ta ce a hankali.

"In na hau da baurin nan cikin 'ya'yana, ba ya komawa. Zaƙina ya tafi ke nan, yara ba za su ƙara zuwa ba. Ni in bar wannan, ke kuma ki kasa faɗin suna?"

Tasalla ta fashe da kuka. "Ladiyo! Ladiyo ce, 'yata, ni na haife ta!"

Har matan rijiya sai da suka sunkuyar da kai. Bagaruwa ta girgiza, busassun 'ya'yanta suka zubo baƙaƙe. Tasalla ta kwasa a zane ta sheƙa gida. Ta dafa wasu ta wanke ciwon, ta daka sauran, ta tankaɗe, ta barbaɗa, ta rufe da ganye. Ɗantani na zaune da wuƙa a cinya. Kowa ido a kan ganyen. Da aka kira la'asar ya ɗaga shi, ya taɓa da yatsa, ya duba. A bushe. Ya mai da wuƙa cikin zabira.

Sannu a hankali sabuwar fata ta tsiro. Ranar da Ladiyo ta fara takawa, gindin bagaruwa ta nufa tana ɗingishi. Ta tsinci ɗa guda ta gatsa, harshenta ya ɗaure. Ta tofar, ta ce, "Wannan ta lalace," ta wuce gindin kanya wurin ƙawayenta.

Shi ya sa har yau bagaruwa ke da bauri, take busar da ciwo, take gyara fata a hannun majema. Ku kuwa ba ku taɓa zama a gindinta ba. In kun wuce za ku ga iyaye mata ne kawai ke durƙuso a wurin, suna tsinta.