Tambari a Kan Lambar Mota

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan tukuna. Akwai shari'ar da nake so ku yanke mini yau, don ni kam ta fi ƙarfina.

Shagon ɗinkina yana jikin na wasu abokai uku, Mudassir da Zayyanu da Nafi'u. Sana'arsu tallan motoci. Dillali zai turo bidiyon motar da yake son sayarwa, su kuma su ɗora tambarinsa a kai da kwamfuta. Sai ka ga tambarin ya ɓullo daga cikin hayaƙi, ya juya, ya yi walƙiya, ya je ya zauna daram a kan lambar motar, duk inda ta yi yana biye da ita. Rufe lamba al'adar aikin ce, kowane dillali yana so. Ni dai sana'ar da rabinta rufe abu ne ban taɓa sakin jiki da ita ba. Kada wani ya ce mini ai tela ma rufewa yake yi. Abin da nake rufewa kowa ya san mene ne.

Akwai kuma Malam Isyaku, direban wata likita, wanda kullum yake ajiye mota a bakin layinmu ya ci abincin rana. Wata Laraba ya shiga masallaci sallar azahar, ya fito babu mota. Ba a fasa gilashi ba, makulli kuma yana aljihunsa. Likita ta ce ai magana ta ƙare, da shi aka haɗa baki, aka tsare shi. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa ta, ko allura bai taɓa ɗaukar mata ba! Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Yana kwana na tara a tsare sai wani dillali da ba a taɓa ganin fuskarsa ba ya turo wa abokan nan bidiyon wata baƙar mota. Ta likita fara ce, don haka babu wanda ya kawo komai a ransa. Dillalin ya ce a waya, "Ku rufe lamba, ku cika hayaƙi sosai. In kun gama ku goge wanda na turo muku."

Mudassir shi ne mai liƙa tambari a jikin mota. Manhajar da yake aiki da ita sai an nuna mata wani ɗan tabo ta kama, in ba haka ba tambarin ya riƙa zamewa. Motar kuwa sabon fenti ne, sumul, babu abin kamawa. Ya bi bidiyon hoto bayan hoto har ya sami wani ɗan wuri da ya lotse a gefen but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, ya kafa aikinsa a kai. Yini biyu yana kallon wurin nan, sai ya tuna inda ya san shi: ranar da Malam Isyaku ya yi baya ya daki kejin janaretonsu. Ba don idonsa ba, da babu wanda ya san motar likita ce aka sauya wa launi. Amma fa bai buɗe baki ba sai da aka gama aiki, aka tura, aka kwana uku, Malam Isyaku na can sauro na cinsa. Ya ce wai yana so ya tabbata ne kada ya yi wa wani ƙazafi. To, Allah ya sa haka ne.

Zayyanu shi ne mai karɓar aiki da ajiyar bidiyoyi. Lokacin da Mudassir ya yi magana, bidiyon da aka gama ba shi da sauran amfani, hayaƙi da tambari sun binne komai. Wanda dillali ya turo kuma an ce a goge, Zayyanu ma ya rantse a waya ya goge. Ashe bai goge ba. Ya jawo durowa ya ɗauko wata 'yar ma'ajiyar kwamfuta, ga bidiyon nan yadda ya zo. Ba don ajiyarsa ba, da maganar Mudassir ta tashi a banza, babu hujja. Amma da aka buɗe ma'ajiyar sai ga bidiyoyi huɗu na wannan dillalin, duk an ce a goge, duk ya ɓoye, abokansa ma ba su sani ba. Ya ce wai ɗabi'arsa ce, ba ya zubar da komai. Na sauran dillalai kuwa ban ga ya tara ba.

Nafi'u shi ne mai haske da hayaƙi. Don tambari ya yi ƙyalli kamar ƙarfen gaske, dole ya duba abin da fentin mota yake haskowa na kewaye, ya kwaikwaya. Ya ƙara wa bidiyon haske, ya faɗaɗa ƙofar baya, sai ga inuwar wani tankin ruwa da allon gidan burodi, rubutun a juye. Ya juya hoton, haruffa uku kawai suka fito. Ya ce ya san wurin. Shi ya shiga gaba, 'yan sanda na biye, har wani gareji a bayan gari. Ba don shi ba, da an san motar ce amma ba a san inda take ba. Sai dai ɗaya daga cikin 'yan sandan ya gaya mini ko sau ɗaya Nafi'u bai tsaya tambayar hanya ba, lungu bakwai. Ya ce wai gwaggonsa ta taɓa zama a unguwar. Na san danginsa sarai, ban san wannan gwaggon ba.

An sami mota, an kama mai fentin da ya sauya mata launi, ya faɗi cewa a wurin wankin mota aka kwafi makulli. Aka saki Malam Isyaku, likita ta zo har gida ta ba shi haƙuri. Dillalin kuwa ya tsere. Mai fenti ya ce wani ne ya bugo wa dillalin waya awa ɗaya kafin a iso, kuma a lokacin daga 'yan sanda sai mutum ukun nan ne suka san za a je. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kalli ƙasa ya ce shi ma abin yana damunsa. Har yau suna aiki a shago ɗaya, amma kowa ya sa wa kwamfutarsa sabon mabuɗin sirri.

Shekaranjiya matar Malam Isyaku ta haihu, namiji. Ya zo shagona ya zauna, ya rame, ya ce, "Yaya, na yi alkawari tun ina ciki, duk wanda Allah ya sa ya fitar da ni, shi zan yi wa takwara. Su uku ne, yaron kuma ɗaya. Ina tsoron in ɗora wa ɗana sunan wanda ya buga wayar nan."

Ga shi suna saura kwana biyar. To, ku da kuka ji komai, Mudassir ne, ko Zayyanu, ko Nafi'u? Sunan wa za a raɗa wa yaron nan?